Yadda Za A Duba Ƙaramin Gari Da Idon Baƙo

Mutumin da ya daɗe yana bin hanya ɗaya yakan daina ganin ta. Allon da ke bakin gari zai koɗe har rubutunsa ya ɓace, amma shi yana ci gaba da karanta shi daga abin da ya haddace, kuma juji da ya taru a gefen mashiga zai zama masa alamar inda ake juyawa kawai. Wannan ita ce matsalar da ke gaban duk ƙaramin garin karkara da ke son matafiyi ya tsaya, ɗan kasuwa ya buɗe shago, malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da aka turo ya yarda ya zauna: mutanen da ke da ikon gyara garin su ne waɗanda idonsu ya riga ya saba da shi. Mafita ita ce a aro idon wanda bai taɓa zuwa ba, kuma akwai tsarin yin hakan da aka daɗe ana amfani da shi.

A shekarar 1991, a jihar Wiskonsin ta Amurka, Andrew Lewis na sashen hidimar al'umma na jami'ar jihar da James Schneider, jami'in bunƙasa tattalin arziki a gundumar Grant, suka fito da wani shiri mai suna First Impressions, wato abin da baƙo ke gani a kallon farko. Garuruwa biyu suna musayar 'yan sa-kai, kowane ɓangare ya ziyarci ɗayan ba tare da sanarwa ba, ya rubuta abin da ya gani, sannan a zauna a faɗa wa juna gaskiya. Shirin ya yaɗu zuwa wasu jihohi irin su Kansas, ya kuma kai lardin Ontariyo na Kanada. Ba ya buƙatar ƙwararre ko kuɗi masu yawa, shi ya sa kowane gari a ko'ina zai iya kwaikwayonsa.

Mataki na farko shi ne zaɓen garin da za a yi musayar da shi. Ya kamata ya yi kama da naku wajen yawan jama'a da irin sana'ar da aka dogara da ita, domin mutumin babban birni zai auna ku da ma'aunin da bai dace da ku ba, ya cika rahotonsa da abubuwan da ba za ku taɓa iya samarwa ba. Ya kamata kuma ya kasance da ɗan nisa, yadda mutanensa ba su san garinku ba kuma babu tsohuwar gasa ko jiƙaƙƙa a tsakaninku. A tawagar da za ta kai ziyarar, mutum huɗu zuwa shida sun isa, amma kada su zama iri ɗaya. A sa matashi da dattijo, da mace mai ƙaramin yaro, da ɗan kasuwa, kuma idan zai yiwu a sa wanda ke tafiya da sanda ko keken guragu, domin shi ne zai ga matakala da ramin da sauran za su tsallake ba su lura ba. A ba kowa matsayin da zai ɗauka: wannan matafiyi ne da ya tsaya hutawa, wancan yana neman wurin buɗe sana'a, waccan kuma tana tunanin dawowa da iyalinta. Ranar zuwa kuwa ta zama sirri. Idan shugabannin gari suka sani, za a yi shara, a kwashe abin da ba a so a gani, kuma aikin ya tashi a banza.

Ziyarar tana farawa tun kafin a shiga mota, domin baƙon yau yakan fara neman gari a wayarsa. Kowane ɗaya daga cikin tawagar ya rubuta sunan garin a intanet ya ga abin da ke fitowa: ko taswira ta nuna asibiti da makaranta da gidan mai a wuraren da suke, ko sunan garin yana da rubutu ɗaya a ko'ina, ko labarin farko da ya bayyana na wani tsohon bala'i ne. Wannan ɓangare yana da sauƙin gyara, tun da taswirar OpenStreetMap, wadda aka kafa a 2004, tana ba kowa damar ƙara titi ko gini, kuma Google Maps ma yana karɓar gyara daga jama'a.

Da isowa, a ratsa garin daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba tare da tsayawa ba, sannan a tsaya a gefen hanya kowa ya rubuta abin da ya shiga ransa kafin a yi magana da juna. Wannan rubutu na farko yana da muhimmanci ƙwarai, kuma ɗan lissafi zai nuna dalili. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a sa'a tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, saboda haka garin da tsawonsa kilomita ɗaya ne yana wucewa cikin minti ɗaya. A cikin wannan minti ne matuƙi ke yanke shawarar ko zai taka birki. Ƙa'idar alamun hanya ta Amurka tana lissafta cewa harafi mai tsayin inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi, ana karanta shi daga nisan kusan mita 9. Ke nan allon da haruffansa ke da tsayin santimita 10 ba zai karantu ba sai daga kusan mita 36, kuma matuƙi yana da daƙiƙa biyu kacal kafin ya wuce shi. Allo mai ɗauke da sunan gari da taken gari da sunayen waɗanda suka ba da gudummawa da shekarar da aka kafa shi ba ya isar da komai ga mai tuƙi. Suna ɗaya da manyan haruffa, da kibiya mai nuna tsakiyar gari, sun fi amfani. A maimaita wannan ratsawa ta kowace mashiga, domin garuruwa da yawa suna ƙawata hanya ɗaya su manta da sauran, alhali baƙo ba ya zaɓar ta inda zai shigo.

Daga nan sai a ajiye mota a taka da ƙafa. Mai tafiya a ƙasa yakan yi kusan kilomita 5 a sa'a, kuma a wannan saurin ne ƙananan abubuwa ke bayyana: magudanar da ta toshe, ƙofar shagon da ba a san ko a buɗe yake ba, bishiyar da ke ba da inuwa amma babu wurin zama a ƙarƙashinta. Kevin Lynch, masanin tsara birane, ya wallafa wani bincike a 1960 bayan ya sa mazauna biranen Amurka uku su zana taswirar garuruwansu daga tunani, inda ya gano cewa mutane suna riƙe gari a ransu ta hanyar abubuwa biyar: hanyoyi, iyakoki, unguwanni, mahaɗai, da fitattun alamomi kamar hasumiya ko dutse. Binciken na manyan birane ne, amma dabararsa tana aiki a ƙauye ma. Bayan an gama zagaye, kowa ya ɗauki farar takarda ya zana garin ba tare da duba waya ba. Abin da ya fito a dukan zanen shi ne fuskar garin ta gaskiya, kuma sau da yawa ba shi ne abin da mazauna ke alfahari da shi ba. Idan babu wanda ya iya nuna inda tsakiyar gari take, to wannan shi ne babban sakamakon ziyarar.

Akwai kuma buƙatun jiki, waɗanda rahotanni kan ji nauyin ambatawa. Ɗan gari yana da gidan da zai koma, baƙo kuwa ba shi da shi, saboda haka tawagar ta gwada neman banɗaki da ruwan sha da inuwa da kantin magani da masauki, ta kuma lura da ƙarfin sabis na waya da inda za a iya cire kuɗi. A ganina banɗaki shi ne gwajin da ya fi tona asirin gari. Matar da ta sauko daga mota da yaro a hannu, ta tambayi wurare uku ba ta samu ba, ba za ta tuna kyan ginin tarihi ba, kuma a tafiya ta gaba za ta ce wa matuƙi ya wuce.

Sai ɓangaren da ya fi kowanne nauyi, wato mutane. Kowane ɗan tawaga ya tambayi mutum uku daban-daban hanyar zuwa wani wuri, sannan ya yi musu tambaya ɗaya: me zan iya gani ko yi a garin nan idan ina da sa'a biyu? A rubuta amsar kamar yadda aka faɗe ta. Amsar da aka fi jin tsoro ita ce a ce babu komai a nan, kuma yawanci mai faɗin ta ba ƙarya yake yi ba, sabo ne ya rufe masa ido daga kogin da ke bayan gari ko sana'ar hannun da maƙwabcinsa ya gada. Haka kuma a lura da yadda ake kwatance. Wanda ya ce a juya a inda tsohon shagon wane yake, shagon da aka rushe tun tuni, yana magana ne da ɗan gari ɗan'uwansa. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma gari mai tsofaffin gine-gine da mutane masu sakin fuska yakan bar wa baƙo abin tunawa fiye da gari mai sabon fenti inda mai shago bai ɗago kai ya amsa gaisuwa ba. Idan lokaci ya bari, a tsaya har bayan faɗuwar rana a ga inda akwai haske da inda mace za ta ji tsoron bi ita kaɗai.

Wajen rubuta rahoto, a faɗi abin da aka gani, a bar hukunci. Cewa garin yana da ƙazanta zai ɓata rai kuma ba zai gyara komai ba, amma cewa akwai tulin shara a wurare uku tsakanin mashigar gabas da makaranta, tare da hoton kowanne, aiki ne da za a iya ba wani ya yi. Kada a ambaci sunan mutum ko a nuna fuskarsa a hoto. Kuma a rubuta abin da ya burge tawagar da irin kulawar da aka ba abin da ya ɓata mata rai, domin gari yana buƙatar sanin abin da zai kare kamar yadda yake buƙatar sanin abin da zai gyara.

Ranar karɓar rahoto ita ce mafi wuya. A yi ta a bainar jama'a, kuma shugaban taro ya hana kare kai har sai baƙin sun gama magana. Za a so a bayyana musu cewa ramin nan laifin hukuma ne, ko cewa sun zo a mummunar rana, kuma wataƙila duk gaskiya ne, sai dai baƙon da ya wuce a mota babu wanda ya tsayar da shi ya yi masa wannan bayani. Bayan haka a ware abin da mazauna za su iya yi da hannunsu cikin wata guda daga abin da sai hukuma ta sa hannu, a fara da na farko. Gasar tsaftar garuruwa ta ƙasar Ayilan, wadda ake yi tun 1958, ta ginu ne a kan irin wannan aiki na 'yan sa-kai: shara, shuka, fenti da gyaran alamu. Abin da za a guje wa shi ne gyaran da aka yi domin idon baƙo kaɗai, kamar katangar da aka gina don ta ɓoye unguwar da ba ta da magudana. Wurin zama a inuwa da banɗaki mai tsafta da fitila a mahaɗa duk ɗan gari ne zai fi morar su, kuma saboda haka ne za a ci gaba da kula da su.

Bayan shekara ɗaya ko biyu a sake gayyatar tawaga, amma ba mutanen farko ba, domin su ma sun riga sun san garin. A ba sababbin tambayoyi iri ɗaya, a ɗauki hotuna daga wuraren da aka ɗauki na baya, sannan a ajiye rahotannin biyu gefe da gefe a taron jama'a na gaba.