Yadda Za A Nemi Dokar Hana Wariya Saboda Jinin Gado a Wajen Aiki da Inshora

Tun da aka sanya hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano a shekarar 2024, takardar da ke nuna ko mutum AA ne (ba shi da ƙwayar gadon sikila), ko AS (yana ɗauke da ita ba ya jinya), ko SS (yana da cutar) ta shiga hannun jama'a fiye da kowane lokaci a baya. Wannan abu ne mai kyau ga yaƙi da cutar sikila, wadda ake ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita a Najeriya duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadonta ba tare da ta sa shi jinya ba. Sai dai ita wannan takardar, idan ta faɗa hannun mai ɗaukar ma'aikata ko kamfanin inshora, tana iya zama dalilin hana mutum abincinsa. Mai son a kafa dokar da za ta toshe wannan ƙofa yana da aiki a gabansa, kuma aikin yana da tsari.

Abu na farko shi ne a san abin da ke ƙasa, don kada a je gaban 'yan majalisa ana neman abin da tuni an rubuta. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. Dokar Kiwon Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye sirrin majinyaci, ita kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan ƙwayoyin gado cikin rukunin da ke bukatar kariya ta musamman. Waɗannan sun fi mayar da hankali kan yadda ake riƙe bayani, ba su fito fili sun hana mai kamfani cewa sai an kawo masa sakamakon gwajin jini kafin ya ba da aiki ba. Wannan giɓin ne ya kamata ya zama jigon koke. Akwai kuma samfuri a cikin gida, wato Dokar Hana Wariya ga Masu Ɗauke da Cutar Ƙanjamau ta 2014, wadda ta haramta sanya gwaji ya zama sharaɗin ɗaukar aiki, kuma lauya zai iya bin sawunta wajen tsara daftari.

Daga nan sai a tantance ƙofar da za a ƙwanƙwasa, domin a nan ne masu kyakkyawar niyya da dama suke ɓata lokacinsu. Harkar inshora da ta ƙwadago duka suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka, saboda haka ƙudurin da zai ɗaure bankuna da kamfanoni masu zaman kansu a Abuja za a kai shi. Abin da za a iya nema a jiha shi ne gyaran ƙa'idojin aikin gwamnatin jihar, da na hukumar taimakekeniyar lafiya, da kuma tanadi mai ƙarfi cewa sakamakon gwajin aure na ma'auratan ne, ba zai bi su zuwa ofis ba.

Sannan a tara hujja, wanda shi ne aiki mafi wahala. Ɗan majalisa ba zai ɗauki ƙuduri don an ce masa "ana yi" ba. Yana so ya ga takarda. A nemi fom ɗin gwajin lafiya da ake ba mai neman aiki, a duba ko akwai gurbin rubuta rukunin jini na gado, a ajiye kwafinsa. Idan an kira matashi aka ce ya ci jarrabawa da ganawar baki, aka tura shi asibitin kamfani, sannan bayan kwana biyu aka aiko masa da saƙon cewa an janye tayin, to a rubuta ranakun a jere, a adana saƙon yadda ya zo a waya. Dole ne a nemi izinin mai labarin a rubuce, a kuma sakaya sunansa idan ya so, don bai dace masu neman a kare sirrin jama'a su zama su ne masu tona shi ba. Ƙungiyoyin masu sikila, da likitocin jini na asibitocin koyarwa, da rassan ƙungiyar ƙwadago su ne suka fi sanin inda irin waɗannan mutane suke.

Wajen rubuta daftari, darasin Amurka yana da amfani ƙwarai. A can ma sikila ce ta fara fito da matsalar: a shekarun 1970 an hana baƙaƙen fata masu AS wasu ayyuka, an kuma ƙara musu kuɗin inshora, alhali lafiyarsu ƙalau. 'Yar majalisa Louise Slaughter ta gabatar da ƙuduri a 1995, amma sai a watan Mayu na 2008 Shugaba George W. Bush ya sanya hannu kan dokar hana wariya saboda bayanan ƙwayoyin gado, wadda ake kira GINA, bayan shekara 13 ana fafutika. Abin da ya taimaka a tsakani shi ne shari'ar kamfanin jirgin ƙasa na Burlington Northern Santa Fe, wanda ya gwada jinin ma'aikatansa ba da saninsu ba, har ya biya dala miliyan 2.2 a 2002. Duk da haka dokar ta fito da ramuka. Ta shafi inshorar lafiya da aiki ne kawai, ta bar inshorar rai a waje. Ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 15 ba. Kuma ba ta kare wanda cutar ta riga ta bayyana a jikinsa.

A ganina, wannan ramin na ƙarshe shi ne mafi haɗari idan aka kwafo dokar yadda take, domin za ta kare mai AS ta bar mai SS a rana, alhali shi ne aka fi kora da cewa zai riƙa yawan kwanciya asibiti. Ya kamata daftarin ya ambaci duka biyun a fili, ya ce ana auna mutum ne da iya aikinsa a yau. Haka kuma sharaɗin yawan ma'aikata ba zai yi ba a ƙasar da akasarin masu ba da aiki ƙananan kamfanoni ne. Dokar Kanada ta 2017 ta fi faɗi, don ta haramta tilasta gwaji ko bayyana sakamakonsa a matsayin sharaɗin kowace yarjejeniya, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da ita a 2020.

A shirya wa kamfanonin inshora amsa tun kafin zaman sauraren ra'ayin jama'a. Za su ce wanda ya san yana cikin haɗari zai sayi inshora mai yawa ya bar su da asara, kuma maganar ba shirme ba ce. A Birtaniya an daidaita ne ta hanyar yarjejeniya, inda ba a tambayar sakamakon gwajin da ke hasashen cutar da za ta iya bayyana nan gaba sai na cutar Huntington, wata cutar ƙwaƙwalwa da ake gado, shi ma sai inshorar ran ta haura fam 500,000. Zuwa da irin wannan tayi, bayan an tattauna da hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya, ya fi a tsaya kan ko duka ko babu.

A nemi mai ɗaukar nauyin ƙudurin a kowace majalisa, zai fi kyau daga kwamitin lafiya ko na ƙwadago, a kuma gabatar da shi a farkon zango, saboda ƙudurin da bai kammala ba kafin wa'adin majalisa ya ƙare sai an sake shi daga farko. Ranar 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, lokaci ne da gidajen rediyo ke neman masu magana, sai a shiga da takardar bayani mai shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, ɗauke da sassan da ake so a rubuta da kuma kotun da za a kai ƙara, wato Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.