Yadda Musulmi zai gane iyakar 'yancin addininsa a ƙasar da ta raba addini da mulki

Musulmin da karatu ko neman abinci ya kai shi ƙasar da ta raba addini da mulki, ya kamata ya fara da bambance abin da ke zuciyarsa da abin da yake bayyanawa a bainar jama'a. Sashe na 9 na Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai bai yarda a taɓa imanin kowa ba, amma ya ba hukuma damar taƙaita bayyana addini idan akwai dokar da ta tanadi hakan, kuma tsaron jama'a ko lafiya ko haƙƙin wasu ya buƙata. A nan ne taƙaddamar hijabi da niƙabi da yankan dabbobi take.

Bayan haka sai a duba inda mutum yake tsaye, domin hukunci yana sauyawa daga wannan gini zuwa wancan a gari ɗaya. A Faransa, ɗaliba tana cire hijabinta a bakin ƙofar makarantar gwamnati saboda dokar 2004, a 2023 kuma aka haɗa da abaya, amma ranar da ta shiga jami'a babu mai ce mata uffan. A kan titi doka ba ta hana hijabi ba, rufe fuska ne dokar 2010 ta haramta, tarar kuma tana kaiwa yuro 150. Ma'aikaciyar gwamnati kuwa ba ta da damar sa shi a bakin aiki. Kuskure ne a ɗauka maƙwabta ma haka suke, domin a Jamus Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci a 2015 cewa hana dukkan malamai mata hijabi ya saɓa wa tsarin mulki, a Ingila kuma babu dokar da ta hana niƙabi a titi.

Kamfani mai zaman kansa ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa. Idan manaja ya kira ma'aikaciya ofis ya ce abokan ciniki suna ƙorafi a kan hijabinta, kada ta yi gardama a tsaye, kada kuma ta ajiye aiki cikin fushi. Ta nemi a nuna mata rubutacciyar ƙa'idar kamfanin, ta karanta ta ga ko ta shafi gicciyen Kirista da hular Yahudawa, sannan ta aika wa manajan imel tana maimaita abin da ya faɗa tare da kwanan wata. Dalili shi ne, a 2017 Kotun Tarayyar Turai ta ce ƙa'idar da ta hana alamun kowane addini bai ɗaya tana iya halatta, amma ƙorafin abokin ciniki kaɗai ba hujja ba ce. A ganina wannan ƙa'ida ta fi danne mai hijabi, tunda ana iya tura gicciye cikin riga. A Amurka lamarin ya fi sauƙi, domin a 2015 Kotun Ƙoli ta goyi bayan wata matashiya da kamfanin Abercrombie & Fitch ya ƙi ɗauka saboda hijabi.

Batun yanka, a tambayi dokar yanki ba ta ƙasa kaɗai ba. A Beljiyam, yankunan Filandas da Waloniya sun hana yanka ba tare da sumar da dabba ba tun 2019, alhali Burasels ba ta hana ba.

Game da ɓatanci, kotunan Faransa ba sa hukunta wanda ya zagi addini, amma suna hukunta wanda ya tunzura jama'a su ƙi Musulmi ko su cutar da su, saboda haka a tantance wanne ne ya faru kafin a kai ƙara. Denmak ta ɗauki wata hanya a 2023, inda ta haramta wulaƙanta littattafan addini a bainar jama'a.

Idan an zalunci mutum, ya fara da ƙungiyar ƙwadago ko hukumar yaƙi da wariya ta ƙasar, ya kuma kiyaye wa'adi, domin a Amurka kwana 180 ne galibi ake bayarwa don kai ƙorafin wariya a wurin aiki. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke birnin Sitirasbog ba ta karɓar ƙara sai an gama da kotunan cikin gida, kuma ita ce a 2014 ta amince da dokar niƙabi ta Faransa.