Yadda Indiyawa ke haɗa kadha don mura da kaikayin maƙogwaro

Kadha wani shayin ganye ne na Ayurveda, maganin gargajiyar Indiya, a 2020 ma ma'aikatar AYUSH, mai kula da maganin gargajiya a ƙasar, ta shawarci mutane su riƙa sha lokacin korona.

1. Nemo busasshen ganyen tulsi (ɗan uwan ɗoɗɗoya ne), kirfa, busasshiyar citta da masoro.

2. Awon shi ne tulsi kashi 4, kirfa 2, citta 2, masoro 1 kacal. Masoron nan kar a zuba da yawa don Allah, yajinsa ba wasa.

3. A daka su tare amma ba sai sun yi lukui ba, a zuba a kwalba mai murfi.

4. A ɗebi giram 3, wajen ƙaramin cokalin shayi kenan, a zuba cikin tafasasshen ruwa kofi ɗaya, a rufe na ƴan mintuna sannan a tace. Su can mazarƙwaila suke sawa ko lemun tsami, ni dai na fi son mazarƙwailar.

A sha da ɗuminsa sau ɗaya ko biyu a rana. Mai olsa da mai ciki su tambayi likita tukuna, in kuma zazzaɓi ya ƙi sauka ko numfashi na sarƙewa to asibiti kawai.