Yadda zaki rubuta labarin da yaran zango zasu karanta har ƙarshe

Ƙanwata, in kina son rubuta littafi dan 'yan mata da samari masu tasowa, 'yan shekara 13 zuwa 19 ɗin nan na Aboabo da Asawase da Sawaba, unguwannin zango na Kumasi inda ake jin Hausa, fara cire maganar nan da manya keyi wai yaran yanzu basa karatu. Suna karatu mana, tun safe har dare idonsu na kan rubutu, sai dai a waya ne, kuma abinda ya kama su kaɗai suke tsayawa akai. Tamu matsalar a Ghana daban ce, ita ya kamata ki fara ganewa kafin ki rubuta ko layi ɗaya. Yaron zango yana jin Hausa sosai, da ita yake faɗa, da ita yake ciniki, da ita yake tsokanar ƙanwarsa, amma ba a taɓa zaunar dashi a aji an koya masa karanta ta ba. Yarukan da gwamnati ta amince a koyar a makarantun boko su ne irinsu Twi, Fante, Ewe, Ga, Dagbani, Gonja, Nzema da sauransu, babu Hausa a ciki. To yaro ya iya Turanci a boko, ya iya haɗa baƙi a makarantar allo, amma ki miƙa masa shafi guda na Hausar boko cike fal babu wajen numfashi, layi uku zaiyi yace kansa na ciwo.

Dan haka ki rubuta wa kunne. Ma'ana duk abinda kika rubuta ki karanta shi da ƙarfi kamar kina ba wani labari a tsakar gida, inda numfashinki ya ɗauke to nan jimlar tayi tsawo, ki yanke ta. In kin gama babi ki nemi yarinya 'yar JHS, wato ƙaramar sakandare, a gidanku ko maƙota ki bata wayar tayi miki karatu a fili, ke kuma kiyi shiru kina riƙe da biro, duk inda ta tsaya tana ɓata fuska kiyi alama, kada ki taimaka mata kada kice ai ga abinda nake nufi. Wajen da ta yi tuntuɓe ke zaki gyara ba ita ba. Inda kuma kika ga ta ƙara sauri tana so taga me zai faru, ki lura da abinda kikayi a wajen, shi zaki riƙa maimaitawa.

Sai maganar wace Hausa. 'Yan matanmu da yawa sun saba da littattafan marubutan Kano da Kaduna da ake turowa a gurup na WhatsApp, kuma babu laifi, su suka koya wa da yawanmu karatun Hausar ma. Amma in kika ɗauki yarinyar da aka haifa a Moshie Zongo kika sa mata bakin 'yar cikin birnin Kano, masu karatunki zasu ji bata zauna ba ko da basu iya faɗin dalili ba. Abinda nake ganin yafi, bayanin mai ba da labari kiyi shi da daidaitacciyar Hausa mai sauƙi, hirar mutane kuma ki barta yadda take fita a lungu. In yarinya tace "Mma ya ce in zo in karɓi kuɗin koko" kada ki gyara mata ki mai da shi "ta ce", haka muke magana. Ɗan Twi da ɗan Turancin da ke faɗowa a baki suma ki barsu, sai dai kaɗan kaɗan, yadda 'yar Zariya ko Yamai da labarin zai faɗa hannunta zata gane daga yanayin maganar ba tare da ta tambayi kowa ba.

Yanzu ina zaki samo labarin? Nan ne nake ganin ƙannenmu na ɓata hanya. Kowa ya tashi sai ɗan hamshaƙin mai kuɗi mai jirgin kansa, gida a Dubai, ga yarinya talaka kyakkyawa ya gani a titi. An rubuta wannan har an gaji, kuma waɗanda suka riga ki sun fi ki iya shi. Ke abinda kike dashi wanda babu mai shi shine lungunku.

Ɗauki daren da yarinya zata tafi makarantar kwana karo na farko. Ta gama BECE, jarabawar gama ƙaramar sakandare, kwamfuta ta jefa ta wata makaranta can nesa da babu wanda ya taɓa zuwa garin a gidansu. Tun 2017 da aka fara karatun sakandare kyauta gidaje da yawa a zango suka fara ganin irin wannan daren, dan da can kuɗin makaranta ke tsayar da yara. To ki shiga ɗakin ki tsaya. Ga akwatin ƙarfe an rubuta sunanta da farin fenti kuma mai fentin ya ɓata harafi ɗaya, ga akwatin katako na abinci uwar na jera gari da shito, soyayyen yajin nan, da sukari da madarar gwangwani tana ƙirgawa da baki, ta ciro ɗaya ta mayar dan ta tuna ƙanin ma zai sha shayi da safe. Uban yana waje kan benci yaƙi shigowa, wai yana jin rediyo, amma shi ya ciyo bashin kuɗin katifar. Kaka kuma tana gefe tana mita wai 'ya mace da kwana a wani gari, sa'o'inta duk an sa musu rana. Ita yarinyar abinda ke cinta daban, an ce ba a shiga da waya makarantar, kuma akwai wani da take son tayi wa sallama bata san ta ina zata fita ba. Kinga babi guda kenan, babu jirgi babu Dubai, kuma duk 'yar zangon da ta karanta zata ce wallahi gidanmu ne.

Irin waɗannan suna nan birjik in kin buɗe kunne. Yayan da ya bi ta Agadas zai Libiya wata da watanni babu labari, uwar na ajiye waya ƙarƙashin filo. Antin da ke aikatau a ƙasar Larabawa tana turo hotuna masu kyau amma muryarta a saƙo bata yi kama da hoton ba. Yaron da ya sa kuɗin jarabawa a cacar ƙwallo. Yarinya 'yar arewa mai dako a kasuwar Kejetia da tiren ƙarfe a kai, sa'arki ce amma ko kallon ido baku taɓa yi ba. Ki zauna a gidan biki inda ake wanke-wanke ba inda ake ɗaukan hoto ba, ki shiga trotro, motar haya, ki cire abin kunne, ki wuce ta majalisar samari masu dafa shayin ataya ki ji abinda suke musu akai. Ki riƙa ajiye jimlolin da kika tsinta a waya nan take, kafin ki isa gida sun gudu. Amma fa ki sauya suna ki sauya unguwa ki haɗa mutum uku su zama ɗaya, zango ƙarami ne, in Hajiyar layinku ta gane kanta a littafi to ke da zaman lafiya sai wani ikon Allah.

Kada kuma wani yace miki rubutu ba namu bane. Alhaji Umaru wanda aka haifa a Kano, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete Krachi a 1934, da Hausa cikin ajami ya rubuta waƙoƙi akan talauci da wadata da zuwan Turawa, a nan ƙasar. Mohammed Naseehu Ali ɗan Kumasin nan ne, a 2005 aka buga masa littafin gajerun labarai a Amurka kuma da yawa daga cikinsu akan rayuwar layin zango ne, da Turanci dai yayi nasa.

Ki karanta na wasu, wannan dole ne. Laburaren yankin Ashanti na nan cikin cibiyar al'adu ta wajen Bantama, ki je ki nemi littattafan matasa na marubutan Ghana irinsu Ruby Yayra Goka da Elizabeth-Irene Baitie, dukansu sun ci kyautar Burt ta littattafan matasa. Ba dan ki kwafa ba, ki duba tsawon babinsu da inda suke yanke shi.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki akai sosai shine wa'azi. Yaran nan suna shan faɗa a gida, suna sha a makaranta, suna sha a islamiyya, in suka buɗe labari suka ji ƙamshin "ya ku 'yan mata ku ji tsoron Allah" a shafi na biyu sun rufe kenan. Ba cewa nayi ki rubuta batsa ko ki yabi ɓarna ba, Allah ya kiyaye, mu ma muna da ƙanne. Cewa nayi ki bar yarinyar labarin tayi kuskurenta, ki nuna abinda ya ja ta, ki nuna abinda ya biyo baya, kiyi shiru. Haka ma waya, kada ki mai da ita shaiɗanin labarin, duk yarinyar da ta buɗe TikTok sai ta lalace a babi na biyar. Su sun san ba haka bane, a wayar nan suke tambayar juna aikin gida, a nan wata ke tallan turare da mayafi, a nan kuma ake yaɗa hoton wata a ci mata mutunci har ta daina fita. Ki rubuta dukansu.

To mu zo kan sakin labarin. Kada ki saki shafin farko sai kin rubuta aƙalla rabin littafin kuma kin san ƙarshensa. Dalili, ranar da kika fara fostin masu komen zasu hau kanki, wannan tace ki kashe kishiyar, waccan tace in baki haɗa su aure ba ta daina karantawa, in baki riga kin yi nisa ba sai ki wayi gari kina rubuta abinda 'yan gurup ke so labarinki ya zama kamar miyar da kowa ya zuba wa gishiri. Ki karanta komen sau ɗaya a rana bayan kin gama rubutun ranar, ba kafin ba. Wanda yace "ban gane waye yake magana a nan ba" ki ɗauka da daraja, wanda yace "ki canja ƙarshen" kice masa na gode ki wuce.

Ki zaɓi ranaku biyu ko uku a sati ki tsaya akansu, ya fi ki saki kullum na sati biyu sannan ki ɓace wata guda. Kowane kashi kada ya wuce abinda za a karanta a trotro daga Aboabo zuwa Adum, kuma ki yanke shi inda zasu ji haushinki. Lokaci ma ki duba shi, 'yan makarantar kwana basa tare da waya sai sun dawo hutu, dan haka sabon labari a farkon hutu ake sakinsa, ba lokacin da ake shirin BECE ko WASSCE, jarabawar gama sakandare, ba. Kuma tunda mun ce da yawa karatun Hausar na musu nauyi, ki karanta kowane kashi da bakinki ki tura saƙon murya tare da rubutun. Wasu zasu fara da ji, su koma bin rubutun da ido suna ji, kafin ki ankara sun iya. Iyaye mata ma suna saurare suna girki, kada kiyi mamaki.

Gurup ɗin WhatsApp mutum 1024 yake ɗauka, amma ni na fi son tashar WhatsApp ga masu karatu yara, dan a can ba kowa ke ganin lambar kowa ba. A gurup duk wani ƙato zai iya shigowa ya kwashi lambobin 'yan mata, kuma ke kika tara su, alhakin na wuyanki. In dole sai gurup, ki rufe shi ke kaɗai ke magana sai ranar tattaunawa, ki sa wata babbar mace mai hankali ta taya ki tsaro. Kada ki riƙa hira ta sirri da yara ƙanana komai kyan niyyarki. Facebook da TikTok da Wattpad duk a ƙa'idarsu sai mai shekara 13 zuwa sama. In kika ga ana bibiyar wata yarinya ko ana mata barazana da hotonta, dokar tsaron intanet ta Ghana ta 2020 ta tanadi hukunci akai, kuma ana kai rahoto ta lamba 292.

Satar rubutu kuwa ki sa a ranki za ayi, wani zai tattara labarin ya cire sunanki ya sayar. Ki riƙa sa sunanki a farko da tsakiya da ƙarshen kowane kashi, ki ajiye asalin rubutun a imel ɗinki dan kwanan wata ya zauna. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 tana kare rubutunki tun daga ranar da kika rubuta shi, rajista ƙarin hujja ce kawai. Zancen kuɗi kuma ki bi a hankali, yaran nan kuɗin data ma da ƙyar suke haɗawa. Littafin farko ki bar shi kyauta ki tara jama'a, na biyu ki saki rabi, mai son sauran ya tura ɗan abu ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kuɗin da bai fi na waakye, shinkafa da wake, ɗin rana ba.

In kin kai ga bugawa a takarda, lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a wajen hukumar laburare ta ƙasa ake samu, ta laburaren George Padmore a Accra. Ki fara da kwafi kaɗan, ki kai wa malaman makarantun unguwa su gani, ki nemi a baki ɗan lokaci a gidan rediyon Zuria FM ki karanta babi guda. In kuma kina son gwada hannunki da marubutan Najeriya da Nijar, BBC Hausa na da gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata zalla tun 2016, ki duba sharuɗɗan shekarar kafin ki tura, musamman na shekaru da yawan kalmomi, kuma a can da daidaitacciyar Hausa ake rubutu, dan haka ki ba wani wanda ya iya ƙa'idojin rubutu ya duba miki tukuna.