Kurakuran da aka fi yi wajen kula da kyanwa mai jego da 'ya'yanta

Kyanwa takan ɗauki ciki na kwana 63 zuwa 65, kuma idan naƙuda ta zo, yawanci ba ta buƙatar hannun kowa. Ita ce ke yaga jakar da ɗan ya fito a ciki, ta lashe shi har ya ja numfashi, ta datse cibiya da haƙoranta, ta cinye mabiyiya. Makonnin da ke biyo baya ne suke rikita mai kiwo, kuma a ganina yawancin ɓarnar da ake yi tausayi ne ke jawo ta, domin wanda bai san yadda lafiyayyen ɗan kyanwa yake girma ba yakan tsorata da abin da ba komai ba ne, ya kuma kau da ido daga abin da ke kisa.

Ana haihuwar 'yan kyanwa ido a rufe, kunne a toshe, nauyin kowanne bai wuce giram 100 da 'yan kai ba. Guntun cibiyar yakan bushe ya faɗi da kansa cikin kwana uku zuwa biyar, saboda haka kada a ja shi. Idanu suna buɗewa tsakanin kwana 7 da 14, sau da yawa ɗaya ya riga ɗaya, kuma dukkansu shuɗaye ne da farko kafin launin gaskiya ya fara bayyana wajen mako na bakwai. Wasu kan ƙosa su sa yatsa su ware fatar idon, abin da kan iya lalata ganin ɗan har abada. Abin da ya cancanci damuwa shi ne a ga idon ya kumbura ta ciki ko mugunya tana tsatsowa. Wannan aikin likitan dabbobi ne, kuma ba ya jiran gobe.

Ɗaya daga cikin kurakuran da suka fi ɗauke rayuka shi ne raina sanyi. Ɗan kyanwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai ya kai mako uku zuwa huɗu, shi ya sa ake ganinsu a cure wuri guda, wannan ya ɗora kai a wuyan wancan. A makon farko suna buƙatar makwanci mai ɗumin kusan digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, wanda iska ba ta kaɗawa, da shimfiɗa busasshiya. Idan aka tarar da ɗaya ya ware gefe, jikinsa ya yi sanyi, kukansa ya yi rauni, abin da zuciya ke fara raya wa mutum shi ne ya ɗura masa madara. Wannan kuskure ne babba, domin cikin da ya yi sanyi ba ya narkar da abinci, kuma ɗan ba shi da ƙarfin haɗiya. A fara ɗumama shi a hankali, a jikin mutum ko kusa da kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul, sai ya fara motsi sosai sannan a mayar da shi kan nono.

Ido ba ya auna girma, sikeli ne ke aunawa, kuma wannan ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. A sami ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, a ɗora kwano a kai, a auna kowane ɗa sau ɗaya a rana a lokaci guda, a rubuta. Lafiyayyen ɗa yakan ƙara giram 10 zuwa 15 kullum, ya ninka nauyin haihuwarsa cikin mako guda ko ɗan sama da haka. Wanda ya ƙoshi ana gane shi: yana tsotso yana murza maman uwar da tafukan hannunsa, in ya saki sai barci, cikinsa a cike, ƙafafunsa suna ɗan zabura. Wanda nauyinsa ya tsaya kwana biyu ko ya ragu yana cikin haɗari ko da kuwa fuskarsa ba ta nuna ba. Sau da yawa 'yan'uwansa ne ke ture shi, kuma gyaran shi ne a riƙa ɗora shi kan nonon da ke kusa da ƙafafun baya, inda ruwan ya fi yawa. A kuma tabbata kowanne ya sha dakashi, wato ruwan nono na farko, a ranar farko, domin a sa'o'in nan ne kawai hanjinsa ke iya karɓar garkuwar cututtuka da ke cikinsa.

In ta kama dole a ciyar da su da hannu, madarar saniya ba ta dace ba. Tana sa gudawa, kuma gudawa na ƙarar da jariri cikin ɗan lokaci. Akwai madarar da aka haɗa musamman domin 'yan kyanwa. A ba su ita suna kwance rub da ciki, kamar yadda suke tsotson uwa, domin wanda aka kwantar rigingine madarar kan wuce masa huhu. Haka nan ba sa iya fitsari ko kashi da kansu sai wajen mako uku. Uwar ce ke lasar ƙasan wutsiyarsu, in kuwa ba ta nan sai a yi amfani da auduga da ruwan ɗumi bayan kowane ci.

Ita kanta uwar ana yawan mantawa da ita. Mai shayarwa tana buƙatar ninki biyu zuwa uku na abincin da ta saba, musamman a mako na uku da na huɗu, kuma abincin da aka tanada domin yaran kyanwa ya fi mata amfani. A ajiye shi da ruwa mai tsabta kusa da makwancin, domin takan gwammace yunwa da ta yi nisa da 'ya'yanta. A riƙa duba mamanta: idan ɗaya ya yi tauri, ya yi zafi, ya canja launi, ko ta daina cin abinci, ko wani ruwa mai wari yana fita daga gabanta, ko jikinta ya kama makyarkyata saboda ƙarancin sinadarin kalsiyam, a garzaya da ita wurin likita. Kada a ba ta farasitamol, domin ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin famitirin (permethrin) shi ma guba ne gare ta, ƙumar kuwa kan tsotse jinin jarirai har dasashinsu ya yi fari, don haka a taje su da mataji mai ƙananan haƙora, a yawaita canja shimfiɗa.

Yawan leƙe da ɗaukar 'ya'yan a kwanakin farko yakan sa uwar ta kwashe su zuwa wani lungu, amma daga mako na biyu zuwa na bakwai taɓawa a hankali tana sa su saba da mutane. A wajen mako huɗu suke fara lasar abinci mai laushi, yaye kuma ya kammala wajen mako takwas, lokacin da ake fara allurar rigakafi. Raba su da uwar kafin nan zalunci ne, kuma barinsu har mako 12 ya fi. A kuma tsare uwar daga muzuru tun da wuri, domin tana iya sake ɗaukar ciki tun tana shayarwa, jikinta bai gama farfaɗowa ba.