Yadda ake ƙera sitenles da wuta ba tare da ƙwayoyinsa sun ɓaci ba

Maƙera da yawa a nan Gusau sun saba da sifirin mota, shi ya sa idan aka kawo musu sandar sitenles, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, sai su bi da ita yadda suka saba. Halinsu daban ne. Sitenles ɗin da ya fi yawa a kasuwa shi ne mai lamba 304, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8 cikin ɗari, irin da injiniyoyi ke kira ostenitik. Ka fara gwada shi da maganaɗisu: in ya ƙi kamawa, ko ya kama sama-sama, to shi ne ko wani danginsa.

Cikin ƙarfe ƙwayoyi ne manne da juna, ido ba ya ganinsu. Ƙanana sun fi ƙarfi. Sifirin da ƙwayoyinsa suka girma, in ka sake gasa shi ka bar shi ya huce a iska, za su koma ƙanana, domin tsarin cikinsa yana sauyawa. Na 304 ba ya sauyawa. Dukan masaɓa ne ke rage masa ƙwaya, shi ma sai an haɗa da zafi sosai.

Zuga gawayin ƙirya, ka bari zafi ya ratsa har tsakiya, don wannan ƙarfe yana jinkirin ɗaukar zafi. Ka kai shi rawaya mai haske, wajen digiri 1150 zuwa 1200 a ma'aunin Selsiyos, sannan ka daka da nauyi, yadda kaurinsa zai ragu a fili. Duka yana murɗe tsofaffin ƙwayoyi ya miƙar da su, zafin kuma ya sa sabbi ƙanana su tsiro a kan iyakokinsu, jere kamar tsakiya a wuyan amarya, har su cinye tsofaffin. Taɓa-taɓa da ƙaramar guduma fatar waje kawai take gyarawa, ciki ya zauna da manyan ƙwayoyi. Abin da na fi yi wa yarana faɗa a kai ke nan.

Da launi ya sauko zuwa ruwan lemo, kusan digiri 930, ka tsaya ka mayar wuta. In ka ci gaba zai taurare, gefe ya tsage. Kada kuma ka bar shi kwance a garwashi ka tafi sallah ko hira. Zafi ba tare da duka ba girmar da ƙwayoyi yake yi. Wurin da ka gama, kar ya riƙa komawa wuta.

Sai sanyayawa. Tsakanin digiri 450 da 850, kabon, sinadarin gawayi da ke cikin ƙarfen, yana janye kuromiyam mai hana tsatsa a iyakokin ƙwayoyi, nan tsatsa za ta bi daga baya, musamman a ƙugiyar mahauta ko wani abu mai shan ruwa kullum. Saboda haka in ka gama, mayar da shi wuta karo na ƙarshe, wajen digiri 1050 na ɗan lokaci, ka cafke da awartaki ka tsoma a ruwa nan take. Ruwa ba ya taurara wannan ƙarfe, kar ka ji tsoron zai karye.