Matakan Gano Dalilin Da Kwamfuta Ke Mutuwa Ba Zato

Da farko, a lura da lokacin da take mutuwa. Idan sai an ɗora mata aiki mai nauyi ne, to zargi ya koma kan zafi ko ƙarancin wuta. A cire fulogi, a kakkaɓe ƙurar da ta toshe fankoki, musamman a lokacin hunturu.

Sannan a karanta adadin wat da ke jikin akwatin wutarta, wato na'urar da ke raba wa sassan kwamfutar wuta, a gwada da abin da firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) da katin hoto (sashen da ke fitar da hoto a allo) suke ja. Da mitar auna ƙarfin wuta, a auna tsakanin waya rawaya da baƙa da ke fitowa daga akwatin, kwamfutar tana kunne: ya kamata a samu bolt 11.4 zuwa 12.6. In ya gaza haka, a sauya akwatin, amma kada a kuskura a buɗe cikinsa, domin yana riƙe wuta ko an kashe.